Babi na Huɗu: Awon Waƙa da Kunne

Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, tun yana ƙaramin yaro ya rasa ganinsa. Bai taɓa ganin baitinsa ko ɗaya a takarda ba. A ka yake tsarawa, ya rera, wani ya rubuta. Amma bi baitocin nan nasa, ɗaruruwa, ɗango bayan ɗango, za ka tarar awonsu bai sauka daga turbarsa ba, amon ƙarshe kuma bai kuɓuce masa ba. Makafin da suka haddace ta suna bara da ita kasuwa-kasuwa su ma ba takarda suka duba ba. Abin da muke kira rubutacciyar waƙa, rubutun wurin ajiya ne kawai. Waƙar kanta a murya take.

Na fara da wannan ne saboda yadda nazarin waƙa ya koma a yawancin azuzuwanmu. A miƙa wa ɗalibi takarda, ya yi tsit, ya ƙirga ɗangwaye, ya leƙa harafin ƙarshe, ya rubuta cewa ƙwar biyar ce, amsa-amonta kaza, karinta kaza, ya ajiye biro. Maki ya samu, waƙar kuwa ko sau ɗaya ba ta ratsa kunnensa ba. Malamanmu irin su Abdulƙadir Ɗangambo, da ya shimfiɗa mana Gadon Feɗe Waƙa, sun ba mu sunayen sassan waƙa ne domin mu iya maganar abin da muka ji. Ba su ba mu domin sunan ya tsaya a madadin ji ba. Faɗin sunan kari farkon aiki ne. Aikin kansa shi ne a gane abin da karin yake yi wa maganar da ke bisansa, da inda mawaƙi ya bi shi sau da ƙafa, da inda ya ɗan kauce, da dalilin kaucewar.

Kafin a kai can sai an san abin da ake aunawa, wato gaɓa. Gaɓar Hausa iri uku ce. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar "da". Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar "zo" da "kai". Akwai kuma baƙi da wasali da wani baƙin ya rufe, kamar "can" da "har". Ta farkon ita ce marar nauyi, sauran biyun masu nauyi ne, kuma mai nauyi ɗaya tana cin lokacin marasa nauyi biyu. Dukkan awon rubutacciyar waƙar Hausa a kan wannan ɗan bambanci ya tsaya.

Matsalar ita ce rubutun boko, wanda aka daidaita a shekarun 1930, ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" da ake zama a cikinsa da "gari" da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, alhali na farko gajeren wasali ne a gaɓarsa ta fari, na biyu dogo. Haka "dafa" abinci da "dafa" kafaɗa. Ajami ya fi boko adalci a nan, domin yana ja da alif da wawu da ya, mai karatu ya ga tsawon da idonsa. Wanda ya tashi da boko kaɗai dole ya furta kalmar, ya saurari bakinsa. Shi ya sa a wajen awo ake ninka wasali a rubuta "gaarii" da "garii", a sa alamar v ga gaɓa marar nauyi, a sa – ga mai nauyi.

Ilimin awon kansa, aruli, daga Larabawa muka karɓo shi. Halilu ɗan Ahmad Alfarahidi, malamin Basra a ƙarni na 8 na Miladiyya, shi ya saurari waƙoƙin Larabawa ya fitar da ma'aunai 15, daga baya aka danganta ƙarin na 16 ga Al'ahfash. Da yake Larabci ma da nauyin gaɓa yake awo, ma'aunan suka shiga Hausa ba tare da an yi musu dole ba. M. K. M. Galadanci, a wata maƙala tasa ta 1975, aure ya kira abin da ya faru tsakanin harsunan biyu, kuma sunan ya dace. Sai dai kada a ɗauka kowane mawaƙi sai da ya karanta littafin aruli. Yawancinsu a zaure da wuraren Mauludi kunnensu ya sha karin, daga Burda ta Busiri da ke kan Basiɗ, da Ishiriniyar Alfazazi da ke kan Ɗawil, tun ba su san sunan ko ɗaya ba.

Ga wasu baitoci uku da na tsara domin wannan babin. A rera su da kowace murya ta zo baki, sau biyu ko uku, kafin a ci gaba da karatu.

Manomi yana duba hanyar ruwa,
Gabas babu motsi, bare ma zuwa.

Iri ya daɗe can a gindin buhu,
Kamar ɗa na yaye yana son uwa.

A yau kam gabas ta yi motsi ƙwarai,
Ƙasa ta yi ƙamshi, gari na rawa.

Wanda ya rera zai ji wani bugu yana dawowa: gajere, dogo, dogo, gajere, dogo, dogo. In aka yanka ɗangon farko gaɓa-gaɓa haka zai fito:

ma-noo-mii / ya-naa-duu / ba-han-yar / ru-waa
v – – / v – – / v – – / v –

Kowane yanki ƙafa ce. Ƙafar nan ita masu aruli suke kira fa'uulun, karin da ake ginawa da ita kuma Mutaƙarab. Ƙafa huɗu ce a ɗango, ta ƙarshe an datse mata gaɓa ɗaya, kuma tunda aka datse a ɗangon farko haka za a yi ta datsewa har ƙarshen waƙa. Irin wannan canji mai ɗorewa a ƙarshen ɗango shi ake kira illa.

Yanzu a canja kalma ɗaya. A ce "Manomi yana kallon hanyar ruwa." Ma'ana ba ta tafi ko'ina ba. Yawan gaɓoɓi ma bai canja ba, 11 ne a can, 11 a nan. Amma rera ka ji. Harshe zai yi tuntuɓe a kan "lon", domin gurbin gaɓa marar nauyi ne aka cusa mai nauyi. Waƙa ta karye. Mata biyu da ke daka a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, in ɗaya ta yi jinkirin ƙiftawar ido taɓare za su haɗu, kuma ko na bayan katanga ya san an yi kuskure. Haka kunnen Bahaushe yake da karyayyen ɗango, ko bai taɓa jin kalmar aruli ba. Wannan misali kaɗai ya isa ya raba mu da al'adar ƙirga gaɓoɓi da yatsa a ce an auna waƙa.

Ba kowace kaucewa ce karaya ba. A ce "Manomi yana da iri mai yawa." Ƙafa ta biyu, ya-naa-da, ta ƙare da marar nauyi inda ake jiran mai nauyi, ta zama v – v. Duk da haka ɗangon yana tafiya lafiya, sai ma ɗan sauri da ya ƙara a tsakiya. Wannan shi ne zihafi, sassaucin da kari ya yarda da shi, yana zuwa a wannan ɗango ya ɓace a na gaba. Kowane kari da irin nasa. A Kamil, wanda ƙafarsa take vv – v –, gaɓoɓi biyun farko marasa nauyi suna iya haɗewa su zama mai nauyi ɗaya, don haka ɗango biyu su bambanta a yawan gaɓa amma lokacin rera su ɗaya. Mai nazari da bai san zihafin karin da ke gabansa ba zai yi ta ɗora wa mawaƙi laifin da bai yi ba. Wanda kuma ya ɗauki kowace karaya a matsayin zihafi zai wanke mawaƙin da bai iya ba. Na fi ganin na biyun a rubuce-rubucen ɗalibai, wataƙila saboda kunyar a ce babban mawaƙi ya yi tuntuɓe. Ai yana yi, kuma faɗin haka ba rashin ladabi ba ne.

Kari yana yi wa mai karatu wata hidima da ba a cika lura da ita ba: yana gaya masa yadda zai karanta abin da boko ya ɓoye. Dubi ɗangon ƙarshe. Gurbin "ga" a "gari na rawa" na marar nauyi ne, saboda haka garin mutane ake nufi, ba na tuwo ba. A nan ma'ana ma za ta raba gardama, amma a tsofaffin waƙoƙi da aka juyo daga ajami zuwa boko akwai wuraren da ma'ana biyu duk za su iya zama, awo ne kaɗai zai nuna wadda mawaƙi ya faɗa. Haka yake tona kuskuren mai kwafi. In ɗango ɗaya ya karye a cikin waƙar da sauran ɗangwayenta suke daram, kafin a zargi mai waƙa a fara zargin hannun da ya rubuta.

Sai kuma abin da kari yake tilasta wa harshe. A maganar yau da kullum "ɗan yaye" muke cewa. A baiti na biyu ya zama "ɗa na yaye", domin ƙafar tana bukatar gaɓa marar nauyi a farkonta. Nahawu bai ɓaci ba, an dai miƙe shi. Kalmar "can" a ɗango na uku kuwa ciko ce: cire ta, ma'ana tana nan, awo ne zai rushe. Kalmomi irin su dai, fa, kam, ma, kuwa, su ne mawaƙa suka fi cike gurbi da su, kuma hanyar gwada su ita ce a cire a gani. In an cire "kam" daga "A yau kam" an rage wani abu, domin ita ce take raba yau da sauran kwanakin da aka yi ana jira. Wannan ba ciko ba ce. Mawaƙin da kowane ɗango nasa sai an samu irin "can" guda biyu, kari ne yake jan sa, ba shi yake jan kari ba. Ƙwarewar Aƙilu Aliyu, wanda aka tara waƙoƙinsa a Fasaha Aƙiliya, a nan take fitowa: yawan kalmomin da ya mallaka ya sa da wuya gurbi ya matsa masa har ya cika shi da abin da ba ya aiki.

Akwai wani abu mai daɗin lura, wato inda iyakar ƙafa ta faɗa. A baitin farko ƙafa tana yanka kalma biyu: duu/ba, baa/bu. Bugun yana nan amma ya ɓuya ƙarƙashin magana, ɗangon ya yi kama da zance. A ɗangon ƙarshe kuwa kowace ƙafa tana ƙarewa inda kalma ta ƙare, ga tsayawa a tsakiya ta raba shi gida biyu masu gini iri ɗaya, ƙasa ta yi kaza, gari na kaza. Bugun ya fito fili daidai inda ake maganar rawa. Irin wannan ne nake nufi da tambayar abin da kari yake yi wa magana. Ban yarda da masu cewa kowane kari da halinsa ba, wai wannan na baƙin ciki ne, wancan na murna. Kari ɗaya an yi wa'azi da shi, an yi siyasa, an yi bege. Abin dubawa shi ne yadda wannan mawaƙi ya zaunar da kalmominsa a kansa a wannan wuri.

Kada kuma a tsaya kan cewa duk awon Hausa na Halilu ne. Marubuta da dama muryar makaɗa suke ɗauka su ɗora baitocinsu, kuma an ruwaito cewa Namangi daga kiɗan caji ya ɗauko muryar Imfiraji. Idan waƙa ta ƙi shiga ɗaya daga ma'aunai 16, ba lalle ne ta karye ba, mai yiwuwa ganga take bi. Har wadda ta shiga ma, abin da ke takarda da abin da ke fita daga bakin mai rerawa ba su cika zama ɗaya ba. Bruce Hayes da Russell Schuh, masana harshe daga Amurka, sun wallafa nazari a 2019 a kan Rajaz a waƙoƙin Hausa, inda suka kwatanta awon baitoci da yadda masu rerawa suke shimfiɗa su a kan lokaci. Mai rerawa yana ja, yana taƙaitawa, yana numfashi. Don haka in akwai faifan waƙar da kake nazari, neme shi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ta kuma fi faɗin gaskiya game da awonta.

Amsa-amo ya fi kari sauƙin kamawa, shi ya sa kowa da shi yake farawa. A rubutacciyar waƙar Hausa gaɓar ƙarshe ce gaba ɗayanta, baƙi da wasalinsa. "Gona" da "ruwa" duk da "a" suka ƙare amma ba su amsa juna ba, sai "ruwa" da "uwa". A baitocinmu "wa" ce take rufe kowane baiti, ita ce babban amsa-amo, wanda malaman zaure suke kira ƙafiya. Ɗangwayen farko, "buhu" da "ƙwarai", an sake su, sai a baitin buɗewa da aka sa duka biyun suka amsa, yadda ƙasidun Larabci suke yi domin a sanar da kunne amon da zai yi ta jira. A ƙwar biyar kuwa aiki biyu ne. Ɗangwaye huɗu na farko suna da nasu ƙaramin amsa-amo da ke canjawa daga baiti zuwa baiti, na biyar ya komo ga babban. Wanda ya yi wa waƙar wani tahamisi, wato ya ɗora ɗangwaye uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu, dole ukun nan nasa su amsa ɗangon farko na mai waƙar, su kuma bi karinsa. Aiki ne na ladabi da gwaninta a lokaci ɗaya.

Hausa tana da arzikin amsa-amo har ya yi yawa. Galibin kalmominta da wasali suke ƙarewa, sunaye masu jinsin mace kusan duk da "a", ga ɗafa-ƙeyar "wa" da za a iya liƙa wa ɗimbin aikatau a samu fitowa, komowa, tsayawa, ga "ba" ta korewa da za ta rufe kowace jimla in an juya ta. Mutum yana iya yin baiti ɗari a kan "wa" ko "ba" bai yi gumi ba. Saboda haka samun amsa-amo ba abin yabo ba ne a karan kansa. Abin tambaya shi ne wace kalma aka ajiye a wannan gurbi, domin shi ne gurbin da murya take sauka, kunne yake jira, ƙwaƙwalwa take riƙewa. Jera kalmomin ƙafiyar waƙa su kaɗai a gefen takarda ka karanta su daga sama zuwa ƙasa. A namu za ka sami ruwa, zuwa, uwa, rawa, kusan labarin duka ke nan. A waƙar da aka yi da lalaci za ka sami jerin kalmomin da ba su ɗauke da komai, an kawo su don amonsu kawai. Sa'adu Zungur ya gina Arewa Jumhuriya ko Mulukiya a kan "ya", amon da sunan waƙar kansa yake ɗauke da shi, kuma wanda ya yi mata irin wannan jeri zai ga yadda manyan kalmomin gardamarsa suke faɗowa a gurbin. Maimaita kalma ɗaya a ƙafiya kusa da kusa kuwa, masu aruli cikin aibobi suke ƙirga shi, sai in ma'anarta ta canja.

Akwai wani amon da ido ba zai taɓa gani ba, na hawa da saukar murya. Furta ruwa, uwa, rawa: murya a sama take daga farko har ƙarshe. Furta zuwa: ta hau ta sauko. A takarda duk "wa" ne, a kunne ɗaya ta fita daban, kuma ita ce ta rufe ɗangon da ke cewa babu abin da ke tafe. Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya daɗe yana nazarin Aƙilu, ya ja hankalin masana ga wannan a 1980, ya nuna cewa akwai waƙoƙin da ƙarshen ɗangwayensu yake dacewa har a karin sauti. Ba kowane mawaƙi yake kiyaye shi ba, ba kuma sharaɗi ba ne. Amma in ka ji wata waƙa amonta ya fi na wata zama a kunne alhali harafinsu ɗaya, duba nan.

Kari da amsa-amo duk maimaici ne, ɗaya na nauyi, ɗaya na amo. Na uku shi ne maimaita kalma ko jimla ko gini, kuma a nan ne waƙar baka ta fi rubutacciya nisa. Makaɗi bai damu da ƙafiya yadda marubuci ya damu ba. Abin da ke riƙe masa waƙa shi ne kiɗa da gindi, wato jimlar da ake komawa gare ta bayan kowane ɗa. Yadda ake komawar ma iri-iri ne. A wajen Mamman Shata, shi yake zuba ɗiyan waƙa a kan kalangu, 'yan amshi su riƙe gindi suna mayarwa. A wajen makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, 'yan amshi suna karɓar ɗan da jagora ya fara su ƙarasa shi, wani lokaci su yi ƙari, sannan a komo gindi tare. Ɗan Maraya Jos kuwa shi kaɗai ne da kuntiginsa, shi ne jagora shi ne amshi. Mai nazarin da ya rubuta "akwai maimaici" ya wuce, bai gaya mana wanne daga cikin waɗannan ya ji ba.

Amfanin farko na maimaici a fili yake: hadda. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, waƙoƙi take ba malamai mata da ake kira jaji su kai wa matan ƙauyuka da ba su karatu, kuma abin da ke dawowa shi ne abin da ke zama a ka. Na biyu na mawaƙin ne kansa. Lokacin da 'yan amshi suke mayar da gindi, jagora yana numfashi, yana duban wanda ya shigo fili, yana ƙulla ɗan da zai biyo. Na ukun shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ya fi cancantar alƙalamin mai nazari: jimlar da aka maimaita ba ta komowa da ma'anar da ta tafi da ita. A ce mun sa wa baitocinmu amshi, "Ruwa na ga Allah", wanda shi ma ƙafa biyu ce ta Mutaƙarab. Bayan baitin farko, inda gabas ta yi shiru, haƙuri ne mutum yake ba kansa. Bayan na biyu, inda iri yake jira, ya zama roƙo. Bayan na uku godiya ce. Kalmomi huɗu ba a taɓa ko ɗaya ba, abin da ya gabace su ne yake juya su.

A cikin baitocin ma akwai komowa. "Gabas" da "motsi" sun zo a baitin farko tare da "babu", suka dawo a na uku tare da "ta yi". Da an ce "hadari ya haɗu" a baiti na uku, labarin bai canja ba, amma kunne ba zai ji an biya shi abin da aka hana shi a farko ba. Sai "ƙasa" da "ƙamshi", inda baƙi ɗaya ya buɗe kalmomi biyu a ɗango ɗaya. In irin wannan ya yawaita har harshe yana sarƙewa, shi ake kira karangiya. A yi hattara dai da ninkin da na harshe ne ba na mawaƙi ba. "Sannu-sannu" da "tsalle-tsalle" da "yayyanka" haka Hausa ta ƙera su, duk mai magana yana faɗin su. Ba za a lissafa su cikin salon mawaƙi ba sai in an ga ya tara su da niyya, ko ya ajiye su inda bugun kari yake ninkuwa tare da su.

Yadda za a raba maimaici mai aiki da na cika lokaci shi ne irin gwajin da muka yi wa ciko: a cire a saurara. Waƙoƙin sitidiyo na yanzu sun sa wannan gwaji ya zama dole, domin na'ura tana iya ɗauko amshi ɗaya ta liƙa shi sau goma ba tare da mawaƙi ya sake buɗe baki ba. Akwai masu fasaha a cikinsu ƙwarai, waɗanda kowace komowa sai sun canja kalma ɗaya ko sun ɗaga murya. Akwai kuma waɗanda amshin na biyar da na farko abu ɗaya ne har numfashinsa, kuma ɗiyan da ke tsakani ba su juya shi ko'ina ba.

Wannan ya kawo mu ga wata al'ada da nake roƙon ɗalibai su bari. In suna juyar waƙar baka daga faifai zuwa takarda, sai su rubuta gindi sau ɗaya a sama, daga nan duk inda ya dawo su sa kalmar "amshi" kawai, ko su tsallake shi don tsimin takarda. Wanda ya karanta irin wannan rubutu ba zai san sau nawa aka komo ba, ba zai san inda jagora ya katse 'yan amshi tun ba su kai ƙarshe ba, ko inda ya bar su suka mayar sau uku a jere saboda ya ambaci sunan da ya girgiza fili, ko inda suka ɗauki rabin gindin kawai. A rubuta kowace komowa cikakkiya yadda aka faɗe ta, a sa sunan mai faɗi a gefe, jagora ko 'yan amshi, a kuma nuna wurin da kiɗa ya yi tafiya shi kaɗai babu murya. Rubutun zai ninka tsawo, amma da shi ne za a iya yin awon da muka yi wa baitocin manomi.